Sha'awa tsakanin abokan aiki: mutum biyu ke so, saura ke kwana a ciki

Hajiya Binta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ina so mu baje wata magana a faifai, wadda kowa ya san da ita a wurin aiki amma ba a cika son furta ta ba. Duk inda aka tara maza da mata baligai a sashe ɗaya, suna wuni tare, suna fama da matsala ɗaya, sha'awa sai ta gitta a zuciyar wani, ko an so ko an ƙi. Wannan ban ga abin musu a ciki ba, kuma ba ita na zo zagi ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da take yi wa sauran mutanen sashen. A aikina na kula da ma'aikata, ƙorafin da ya fi zuwa teburina ba daga bakin masoyan yake fitowa ba. Daga na gefe yake zuwa: wanda ya daina kawo shawara a taro don ya lura shawarar mutum ɗaya kaɗai oga ke ji, da wadda ta daina faɗin matsalar aiki a gaban wance don ta san kafin magariba maganar ta isa ofishin sama. Sau da yawa ma babu abin da ya faru tsakanin mutanen biyu, ko hannu ba a taɓa ba, kallo ne kawai da sauyin murya. Amma sashen ya riga ya rabu gida biyu. Ni a ganina ɓarnar ba a sha'awar take ba, tana cikin abu biyu da ke rakiyarta: iko da ɓoyo. Ina jiran ra'ayoyinku, amma don Allah kada a kama sunan kowa ko na ma'aikata.

Auwal:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yau dai kin taɓo inda ke wa mutane ƙaiƙayi. Na ga mutum goma sha sun karanta, kowa ya yi gum.

Injiniya Bashir:
Hajiya, da girmamawa, ni ina ganin ana zuzuta abin. Mutum biyu masu hankali sun ga juna sun so juna, ina ruwan na gefe? Ina ake so mutum ya haɗu da matar aure in ba inda yake ƙarar da rayuwarsa ba? Na san gidaje masu albarka da aka fara daga teburin ofis. Abin da kike kira rabuwar sashe, mafi yawansa hassada ce da tsegumi. In wance ta samu ƙarin girma, maimakon a duba aikinta, sai a ce ai oga ne ke sonta. Wannan ma zalunci ne, kuma mata masu ƙoƙari su suka fi shan sa. Matsalar tana bakin masu gulma, ba ta zuciyar masu so.

Maman Walida:
Injiniya, bari in ba ka abin da na gani da idona, sai ka gaya min ko hassada ce. Ni ma'aikaciyar jinya ce. A wani asibiti da na taɓa aiki, mai tsara mana jadawalin aiki ya kamu da son wata ƙaramar ma'aikaciya. Yarinya ce mai kirki, ba na jin ta taɓa roƙonsa komai. Amma duk wata in an manna jadawali a allo, sai mu taru muna bi da yatsa, sunanta ba ya faɗawa aikin dare sai nadiran, ranakun hutu kuma kullum nata a jere suke. Daren da aka ɗauke mata ba sama yake tashi ba, kan wata yake sauka, kuma yawanci kan wadda ba ta iya magana. Abin da ya fi ba ni tsoro ba wannan ba ne. Ran nan ta yi kuskuren rubuta adadin magani a takardar majiyyaci, wata abokiyar aikinmu ta gani, ta gyara da kanta shiru, ba ta kai rahoto ba. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Anti, wa zan kai wa? Shi?" Ka ga inda abin ya kai. A asibiti, kuskuren da ba a faɗa ba shi ke maimaita kansa.

Injiniya Bashir:
@Maman Walida Wannan ai rashin adalci ne tsagwaronsa. Da ɗan uwansa ya fifita haka, sakamakon ɗaya ne. Me ya sa za a ɗora wa sha'awa?

Dakta Rahila:
Injiniya, akwai bambanci, kuma a nan ne maganar ke da daɗi. Wanda ya fifita ɗan uwansa ya san abin da yake yi. Wanda sha'awa ta kama, sau da yawa rantsuwa zai yi maka cewa cancanta ya bi, kuma ba ƙarya yake yi ba, haka yake gani. Tun 1920 Edward Thorndike ya lura da wannan a cikin sojojin Amurka. Ya sa hafsoshi su auna na ƙasa da su ta fuskar siffar jiki, basira, shugabanci da ɗabi'a, sai ya ga wanda aka ba maki mai yawa a abu ɗaya ana ba shi a sauran duka, kamar ba abubuwa daban-daban ake aunawa ba. A 1972 Karen Dion da abokan aikinta suka nuna wa mutane hotunan baƙin fuska kawai, sai masu kallo suka riƙa jingina wa kyawawan kyakkyawan hali da nasarar aiki, alhali ko muryarsu ba su ji ba. Abin har albashi yake taɓawa. Daniel Hamermesh da Jeff Biddle, a binciken da suka buga a 1994 kan ma'aikata a Amurka da Kanada, sun samu cewa waɗanda aka ɗauka ba su da kyau suna samun kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ƙasa da matsakaita.

Sannan wurin aiki kansa yana hura wutar. Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan ganin abu kaɗai yana sa a so shi. Ƙara da matsin aiki. Akwai wani gwaji da Donald Dutton da Arthur Aron suka yi a 1974 a Kanada, a gadar Capilano, gada ce mai lilo a saman kwazazzabo mai zurfi. Wata budurwa ta riƙa tsayar da maza tana musu tambayoyi, ta ba su lambar waya ko suna son ƙarin bayani. Cikin 18 da suka karɓi lambar a gadar mai ban tsoro, 9 sun kira ta. A wata gadar ƙasa-ƙasa mai ƙarfi, 2 ne kacal cikin 16. Fassarar masu binciken ita ce zuciya ta buga saboda tsoro, ƙwaƙwalwa ta ɗauka saboda yarinyar ce. Mutanen gwajin ba su da yawa, don haka ba na ɗaukarsa hujja yankakkiya, amma duk wanda ya taɓa kwana a ofis da tawaga ana tseren kammala aiki kafin wa'adi ya san irin shaƙuwar da ke tsirowa a daren.

Auwal:
Dakta, kenan wadda nake ta tunani tun lokacin binciken kuɗin ƙarshen shekara, ba sonta nake ba, tsoron odita ne? Kin kashe min zance.

Dakta Rahila:
@Auwal Ƙanena, ka bari odita ya tafi da wata biyu, in har yanzu zuciyar na bugawa sai ka turo manya.

Zainab:
Ina so in gyara wani abu kafin a tafi da tunanin cewa kyakkyawar mace a wurin aiki cikin daula take. Wasu masu bincike biyu a Isra'ila, Bradley Ruffle da Ze'ev Shtudiner, sun aika takardun neman aiki fiye da 5,000 ga kamfanoni, wasu da hoto wasu babu. Kyawawan maza sun fi samun kira. Kyawawan mata kuwa, kiran da suka samu bai kai na matan da ba su sa hoto ba. To ina ribar? In an ɗauke ki, duk abin da kika samu sai a ce fuska ce. In kin saki fuska a ce kwarkwasa, in kin ɗaure a ce girman kai.

Barista Nafisa:
Zainab ta tuna min da wata shari'a a jihar Iowa ta Amurka. Wani likitan haƙori ya kori mataimakiyarsa da ta yi masa aiki shekara goma, ba don ta yi laifi ba, shi da kansa ya yarda ƙwararriya ce. Dalilinsa shi ne yana jin sha'awarta, matarsa kuma ta matsa a sallame ta don kada aurensu ya lalace. A Disamba 2012 kotun ƙolin jihar, alƙalai bakwai duka maza, ta ce korar ba ta saɓa dokar hana wariyar jinsi ba. Sha'awar tasa ce, aikin da aka rasa nata ne.

Malam Sadisu:
Duk wannan doguwar magana addini ya riga ya taƙaita mana ita. An umarci muminai maza da mata su runtse idanu, a Suratun Nur, kuma maza aka fara ambata. Hadisi ya zo cewa namiji ba zai keɓe da mace ba face Shaiɗan ne na ukunsu. Ni ba na shiga ofis da mace mu biyu, ba na ɗaukar abokiyar aiki a mota, ba na tura mata saƙo bayan an tashi. Ban taɓa samun matsala ba. A toshe ƙofar tun farko, sai a huta da kotu da bincike.

Zainab:
Malam Sadisu, Allah ya ƙara tsarewa, kuma ban raina niyyarka ba. Amma ka ce ba ka taɓa samun matsala ba. Ka taɓa tambayar matan da ke ƙarƙashinka ko su sun samu? Na yi aiki da shugaba mai irin tsarinka. Abokan aikina maza suna shiga ofishinsa su rufe ƙofa, ya zauna da su ya bi rahotonsu layi-layi, ya nuna musu inda suka yi rauni. Ni kuwa a bakin ƙofa yake tsayar da ni, yana kallon takardar ba ya kallona, ya ce "ba laifi, ajiye." In za a je ganawa da abokan hulɗa, namiji ake ɗauka, don tafiyar mota ɗaya ce. A can ake sanin mutane, a can ake koyon yadda ake ciniki. Da lokacin ƙarin girma ya zo aka ce ba ni da gogewa a waje. Gaskiya ne ba ni da ita, amma wa ya hana ni? Bai taɓa min maganar banza ba, ko sau ɗaya, kuma duk da haka sha'awar da yake gudu ita ta tsara min makomar aikina.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Bayan guguwar MeToo ta 2017, lokacin da mata suka riƙa fallasa masu cin zarafinsu ta hanyar lalata, ƙungiyar LeanIn da SurveyMonkey sun yi ƙuri'ar jin ra'ayi a Amurka a 2019, kashi 60 cikin ɗari na manajoji maza suka ce ba sa sakin jiki da horar da mace, ko aiki da ita su biyu, ko zama da ita a wajen ofis.

Malam Sadisu:
'Yar uwa, na ji ki. Amma ba za ki ce in saki abin da na yi imani da shi don ƙarin girman wani ba.

Hajiya Binta:
Malam, babu wanda ya ce ka saki. Abin da nake gaya wa shugabanni masu irin ra'ayinka shi ne ka mayar da dokar ta kowa. In ba ka rufe ƙofa da mace, kada ka rufe da namiji. In bitar rahoto a ɗakin taro mai gilashi za ka yi da Zainab, to a nan za ka yi da Auwal, kuma minti ɗin da ka ba shi ka ba ta. In tafiya ce a ɗauki mutum uku. Tsantseninka bai ragu da komai ba, ita kuma ba ta biya maka kuɗinsa da aikinta ba.

Malam Sadisu:
Wannan mai yiwuwa ne. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce mai kiyayewa da mai zaƙewa duk ɗaya ne.

Zainab:
Ba ɗaya ba ne, Malam. Mai zaƙewa ya fi muni nesa ba kusa ba. Na dai ce kowannensu akwai wadda ke ɗaukar nauyinsa.

Barista Nafisa:
Bari in koma kan tambayar Injiniya ta farko, ina ruwan na gefe. Kotu ta taɓa amsa ta. A 2005 kotun ƙolin Kalifoniya ta saurari ƙarar wasu mata biyu ma'aikatan gidan yari. Shugaban gidan yarin yana soyayya da mata uku da ke ƙarƙashinsa a lokaci guda, yana tura su gaba a ƙarin girma da muƙamai. Masu ƙarar ba su ce ya neme su ba. Cewa suka yi yanayin da ya haifar ya isar wa kowace mace a wurin da saƙon cewa hanyar ci gaba ta ɗakin oga ta bi. Kotu ta ce irin wannan fifiko, in ya yaɗu, zai iya zama cin zarafi ga waɗanda ba a ko taɓa ba. Kenan na gefe yana da ruwa, har da tsaki.

Amma kada a ɗauka hanawa gaba ɗaya ita ce mafita a doka. A shekarar nan ta 2005 Walmart ya kawo ƙa'idar ɗa'a a rassansa na Jamus da ta taƙaita soyayya tsakanin ma'aikata, wata kotun ƙwadago a Düsseldorf ta yi watsi da wannan sashe, ta ce ya taka mutunci da 'yancin mutum da kundin tsarin mulkin ƙasar ya kare. Shi ya sa yawancin manyan kamfanoni suka tsaya kan abu biyu: kada ka nemi wanda kake da iko a kan aikinsa, kuma in dangantaka ta ƙullu ka bayyana. Ku duba waɗanda suka rasa kujerunsu. Brian Krzanich ya sauka daga shugabancin Intel a 2018. An kori Steve Easterbrook daga McDonald's a Nuwamba 2019 kan dangantaka da ma'aikaciya, duk da an ce da yardarta ne, daga baya da aka gano ya ɓoye wasu, ya mayar wa kamfanin kuɗi da hannun jari na dala miliyan 105 a 2021. Jeff Zucker ya bar CNN a Fabrairu 2022 don bai bayyana dangantakarsa da wata babbar jami'a ba. Bernard Looney ya bar BP a Satumba 2023 don bai gaya wa hukumar gudanarwa cikakkiyar gaskiya kan alaƙoƙinsa da abokan aiki ba. Kusan dukkansu ɓoyon ne ya ci su.

Injiniya Bashir:
Barista, duk misalanki na shugaba da na ƙasa da shi ne. Wannan ni ma ban kare shi ba, don wadda albashinta ke hannunka "a'a" ɗinta tana da tsada, ba za ka taɓa sanin ko "to" ɗinta na gaskiya ne ba. Ni maganata kan tsara da tsara ce, mataki ɗaya, babu mai sa wa wani hannu a takarda. Su kuma me suka yi wa tawaga?

Baba Ɗanlami:
Bashir ɗana, na yi ritaya bayan na shugabanci sassa da dama, bari in gaya maka abin da tsara da tsara ke yi. Tawagar mutum shida ce, ka kawo batu a taro. A da kana jin ra'ayi shida. Yanzu biyar kake ji, don biyun nan sun gama tattaunawarsu tun a waya daren jiya, sun shigo da baki ɗaya. In ka soki aikin ɗaya, sai ka ga fuskar ɗayan ta canza, sai kowa ya fara tauna magana kafin ya faɗa. Wannan lokacin da ake shiri kenan, kuma shi ne mai sauƙi. Wani lokaci ma aikinsu har ƙaruwa yake, suna zuwa da wuri, suna tashi a makare, kowa na son ya burge ɗan uwansa.

Ranar da aka ɓata ita ce ranar. Na taɓa samun biyu da teburinsu ke fuskantar juna, suka rabu baram-baram. Sai ya zama in yana son fayil daga hannunta, sai ya taso ya zagayo ya gaya wa wani yaro a ƙarshen ɗaki, yaron ya je ya karɓo. Imel ɗin da a da layi ɗaya ne, ya koma "kamar yadda na sanar a baya", a saka ni a kwafi, a saka mataimakina. Sauran ma'aikata kowa ya zaɓi ɓangare, har wurin zama a ɗakin taro ya rabu. Ba wanda ya karya wata doka da zan ba shi takardar tuhuma, amma aikin da ke ɗaukar yini ya koma ɗaukar mako.

Injiniya Bashir:
Baba, ai abokai maza biyu ma in sun ɓata haka suke yi.

Baba Ɗanlami:
Suna yi, amma su ana iya zaunar da su a ce me ya haɗa ku, su faɗa. Waɗannan kuwa abin da ya haɗa su ba ya faɗuwa a ofis.

Dakta Rahila:
Abin da Baba ya faɗa game da ra'ayi shida ya koma biyar yana da tushe. Anita Woolley da abokan aikinta sun buga bincike a mujallar Science a 2010, mutum 699 a ƙananan rukunoni. Abin da ya fi nuna rukunin da zai yi ƙoƙari ba basirar gwanin cikinsu ba ce. Yadda ake raba magana daidai tsakanin mutane ne, da yadda suke iya karantar yanayin juna. Rukunin da mutum ɗaya ko biyu suka mamaye zance ya fi rauni. To sha'awa abin da take fara taɓawa kenan: wa ake kallo in ana magana, wa ake wa dariya ko abin bai kai ba, wa ake katsewa. Ku lura da taro in sabuwar ma'aikaciya mai kyau ta shigo. Wanda bai taɓa magana ba sai ya zama mai dogon sharhi, biyu su fara gasar ƙure juna a kan abin da bai taka kara ya karya ba, taron minti talatin ya kai awa. A Jami'ar Radboud ta Holan, Johan Karremans ya gwada wannan a 2009: maza sun yi ƙasa a gwajin ƙwaƙwalwa bayan ɗan hira da macen da ta burge su, mata kuwa ba a ga haka a tare da su ba. Bayaninsa shi ne ƙoƙarin burgewa yana cinye hankalin da za a yi aiki da shi.

Akwai kuma matsalar karanta abin da ba a rubuta ba. Antonia Abbey ta nuna a 1982 cewa in mace da namiji suka yi hira ta mutunci, maza, har da masu kallo daga gefe, sun fi mata ɗaukar fara'ar macen a matsayin alamar so. A wurin aiki kuwa fara'a wajibi ce, ana biyan mutum don ya yi ta. Daga nan ake samun wanda zai rantse cewa "ita ta fara ba ni fuska", alhali gaisuwa kawai take amsawa.

Maman Walida:
Wallahi Dakta. Mu da aikinmu ya ƙunshi tausasa murya, mun san wannan karatun.

Malam Sadisu:
Kada dai a mayar da abin kamar maza kaɗai ke da laifi. Ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, tana nan. Mai iko a gidan ita ta nema, shi na ƙasa ya ƙi, kuma duk da rigarsa ta baya ta yage, shaida ta wanke shi, shi ne ya tafi kurkuku. Mace mai muƙami ma tana iya takura yaron da ke ƙarƙashinta, kuma shi kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba, in ya faɗa ma dariya za a yi masa.

Hajiya Binta:
Wannan gaskiya ne Malam, kuma ya dawo da mu kan iko. Na karɓi irin wannan ƙorafin daga samari, kuma sai sun yi ta kewaye-kewaye kafin su faɗi abin da ya kawo su.

Barista Nafisa:
Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019, ba ta ware jinsi ba, kowa ta rufe. Kuma ba ta tsaya a harabar ofis ba, ta haɗa da tafiye-tafiyen aiki, wuraren horo, da saƙonnin waya da suka shafi aiki. Saƙon ƙarfe sha ɗayan dare da ya fara da "game da rahoton nan" ya ƙare da "kin yi kyau yau", yana ciki.

Dakta Rahila:
Wani misali da nake ba ɗalibaina. A ƙarshen 1999 wata cibiya a Mosko ta kulle mutane daga ƙasashe daban-daban a wasu ɗakuna na tsawon watanni, don gwada yadda 'yan sama jannati za su zauna tare. A daren sabuwar shekara wani kwamanda ɗan Rasha ya ja Judith Lapierre, 'yar Kanada, ya sumbace ta da ƙarfi, bayan wasu biyu sun ba hammata iska har da jini. Ɗan Japan da ke cikinsu ya fice daga gwajin, aka rufe ƙofa tsakanin rukunonin. Da cibiyar ta zo yin babban gwajinta na Mars-500, kwana 520 daga 2010 zuwa 2011, mutum shida aka kulle, duka maza. Kowa ya fassara wannan yadda ya ga dama.

Zainab:
Na fassara. Namiji ya yi laifi, an cire mata.

Auwal:
To yanzu mu marasa aure mu yi yaya? Tambaya ce ta gaske fa. In ina son abokiyar aikina da niyyar aure, in haɗiye?

Hajiya Binta:
A'a Auwal. In ba ka da iko a kan aikinta, ita ma ba ta da shi a kan naka, ka faɗa sau ɗaya, a fili, da mutunci, ba a cikin ofis ba kuma ba ta imel ɗin aiki ba. A 2018 aka ruwaito cewa ƙa'idar Facebook ga ma'aikatansa kenan: tambaya ɗaya, kuma in aka ce maka "ina da uzuri" ko "yau ba zai yiwu ba", an ƙidaya shi a matsayin a'a. Na ga hikimar wannan, don mace da za ta ci gaba da ganinka kowace safiya ba kasafai za ta ce maka a'a ƙarara ba. In ta ƙi, ka ci gaba da gaishe ta kamar da, kada ka daina saka ta a saƙonnin aiki, kada ka koma sukar duk abin da ta kawo. In ta yarda, ku sanar da shugaban sashe kafin 'yan sashe su sanar da shi, a raba ku a duk inda ɗaya ke duba aikin ɗaya ko sa hannu a kuɗi.

Injiniya Bashir:
Kin ga inda muka rabu, Hajiya. Don me zan kai sirrin zuciyata ofishin ma'aikata? Yau na bayyana, gobe abin bai kai ga aure ba, amma yana nan a fayil, kuma sunan yarinyar mutane ya shiga bakin duniya.

Hajiya Binta:
Ba ranar da ka fara jin wani abu za ka zo ba, Injiniya, ba mu da fom ɗin bugun zuciya. Sai magana ta zama magana. Kuma mutum ɗaya ko biyu ne ya kamata su sani, ba a rubuta komai sai abin da ya shafi rabon aiki. Sirrin da kake karewa kuwa, 'yan sashenku sun riga ka saninsa. Bambancin kawai shi ne suna hasashe, hasashen kuma kullum ya fi gaskiyar muni.

Zainab:
Saura tambaya ɗaya, Hajiya. In an bayyana, kuma dole a ɗauke ɗaya daga sashen, wa ake ɗaukewa? Don abin da na saba gani shi ne ƙaramin ake turawa wani lungu, babban ya zauna a kujerarsa, kuma ƙaramin nan yawanci mace ce.

Hajiya Binta:
Haka ake yi a mafi yawan wurare, don ya fi sauƙi, ba don ya fi daidai ba. Inda nake da ta cewa, babban nake fara tambaya, tunda shi aka ɗora wa amanar sashen kuma shi ya san ƙa'ida tun kafin ya fara. Ko ya miƙa duba aikinta da rahotonta na ƙarshen shekara ga wani shugaban, ko shi ya matsa. In ita ce za ta matsa, sai da zaɓinta, zuwa matsayi daidai da nata, a rubuce.

Injiniya Bashir:
In kamfanin mutum takwas ne kuma babban shi ne mai kamfanin fa? Ina zai matsa?

Barista Nafisa:
Babu inda zai matsa, kuma babu wanda za ta kai wa ƙara a cikin gidan. A irin wannan wuri nake ba mata shawara su adana kowane saƙo da kwanan watansa a wayar da ba ta kamfani ba, su kuma nemi sanin ofishin ƙwadago ko kotun da ke sauraron irin wannan ƙara a inda suke tun kafin buƙata ta taso.

Maman Walida:
Barista, in saƙon na murya ne fa, kuma ya goge daga ɓangarensa?

Barista Nafisa:
Ki tura wa kanki ta imel da zarar ya shigo, ki kuma ɗauki hoton allon da ke nuna lamba da lokaci. In ya riga ya goge kafin ki yi haka, ki rubuta abin da ya faɗa a ranar, ki gaya wa mutum ɗaya da kika amince da shi, don ya zama akwai wanda zai ce tun a lokacin kika faɗa masa.